Kwana Bakwai, Kwana Arba'in: Yadda Gidajen Dutsin-Ma da Kurfi Suka Ƙirga Haihuwa da Rasuwa

Dattijon da aka haifa a ƙasar Kurfi ko Dutsin-Ma zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, da wuya ya iya faɗin kwanan watan da ya zo duniya. Ranar mako kuwa ya san ta sarai, sau da yawa ma ita ce sunan da ake kiransa da shi. Ɗanladi da Ladi 'ya'yan Lahadi ne, Balarabe na Laraba, Lami ta Alhamis, Jummai da Ɗanjuma na Jumma'a, Asabe ta Asabar. Wanda ya faɗo ana tsaka da ruwan sama shi ne Anaruwa, wadda ta zo cikin watan azumi ita ce Azumi. Sunan yakan faɗi har halin da gidan yake ciki: Tanko ya biyo bayan 'yan mata, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa da rai ba, Talle kuma ya rasa uwa tun yana jinjiri. Laƙabi shi ne takardar haihuwar wancan zamani, kuma ya ƙunshi abin da jama'a ke bukatar sani game da mutum: ranarsa, yanayin zuwansa, da gurbinsa a cikin dangi.

Shekara kuwa da babban al'amari ake gane ta. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta daɗe tana zama ma'aunin tsufa a ƙasar Hausa. Daga baya aka yi ta ƙirge da hawan Sarki Usman Nagogo a 1944, da canjin hannun tuƙi a 1972, da shigowar naira a 1973, shekarar da fari ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi. Uwa za ta ce ta yaye wane ana canjin kuɗi, kowa ya gane, magana ta ƙare.

Ƙirgen kwanaki

Inda gidan Bahaushe ya ƙware shi ne lissafin kwanakin da ke kusa da haihuwa da mutuwa, domin kowane kwana akwai aikin da ya rataya a wuyan wani. Da mace ta sauka, maƙwabta su fara shigowa barka. Cikin kwanakin farko wanzami ya zo ya duba jinjiri, a dafa wa mai jego ƙauri. Ran kwana bakwai da sassafe maza su taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya raɗa suna, a yanka rago, a yi wa yaro aski. Da rana gida ya zama na mata. Mai jego ta ci gaba da wankan ruwan zafi da ganye safe da yamma, tana shan kunun kanwa, har kwana arba'in. Sannan ta yi kwalliya ta goya ɗanta ta fita yawon arba'in, gida-gida, tana gode wa waɗanda suka zo mata barka da suna.

Mutuwa ma da waɗannan lambobi aka san ta. Gawa ba ta jira: a yi mata wanka, a sa likkafani, a ɗora a makara, a sallace ta, a kai ta makwanci, galibi a ranar. Daga nan sai zaman makoki, maza a kan tabarmi a ƙofar gida, mata a ciki. A al'adar da aka gada akan yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a raba gumba ko waina, malamai su yi addu'a. Matar mamaci ta shiga takaba wata 4 da kwana 10, kamar yadda shari'a ta tanada. Mai zuwa gaisuwa ba ya tsawaita zance. Ya ce, "Ya haƙuri?" a amsa masa, "Da godiya," ya yi wa mamaci addu'ar Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, a shafa fatiha, ya ɗan zauna, ya tashi. Abin da ake riƙewa a zuciya shi ne wane ya taka ya zo, wane kuma ba a ga ƙeyarsa ba. Shi ya sa ake cewa zumunta a ƙafa take.

Bikin zagayowar ranar haihuwa guda ɗaya da aka sani tun da daɗewa shi ne Maulidin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ran 12 ga Rabi'ul Awwal. Shi ma Hausawa sun sa shi cikin tsarin gidajensu: bayan mako guda sai a yi shagalin ranar suna, wanda Kanawa ke kira Takutaha.

Ruwan farko da na ƙarshe

Duk waɗannan hidimomi da ruwa suke tafiya, ruwa kuwa ba ya sauƙi a tsakiyar ƙasar Katsina, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Wankan jego kaɗai, sau biyu kullum har kwana arba'in, yana cin tuluna da itace masu yawa, kuma ɗaukar wannan nauyi na cikin abin da ake auna miji da danginsa da shi. Yaran wancan lokaci a kududdufi da rafin damina suke koyon iyo, da rani kuma a koma tonon yashi a gindin kogi.

A 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, kudu da Dutsin-Ma. Bangon ƙasa ne mai tsawon kusan kilomita 2.7, an tsara shi ya tare ruwa kimanin kubik mita miliyan 179, don noman rani da ruwan sha. Yankin da bai saba da babban ruwa ba sai ga shi da tafki mai kwalekwale da masunta da kasuwar kifi, samari na zuwa iyo da shan iska, musamman lokacin salla. Ruwan madatsa kuma ba kududdufi ba ne, zurfinsa ba ya nuna kansa, saboda haka iyaye mata suka ƙara sabon gargaɗi a kan waɗanda suke yi wa 'ya'yansu. Abin takaicin shi ne famfo bai biyo baya da wuri ba. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin tace ruwan Zobe da tura shi garuruwa, shekara 38 bayan gina madatsar. Yaran da aka yi wa wankan farko da ruwan 'yan garuwa a shekarar da aka tare kogin, sun aurar da ƙannensu, sun haifi nasu, kafin a kai ga wannan rana.

Yadda kwanan wata ya shigo gida

Hukuma ce ta fara tambayar shekaru. Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903, tsarin haraji ya bukaci a san wane ne ya isa biya, sai hakimai da dagatai suka zama masu ƙidayar kawuna. Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi suna cikin hakiman da wannan aiki ya bi ta hannunsu. A lokacin da ido ake kimanta balaga. Makarantar boko ta zo da nata ma'aunin: a sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa, in ya taɓo kunnen ɗaya gefen, ya isa aji ɗaya.

Shekarar 1976 ta kawo sauyi biyu a tare. A cikinta aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya mai da Dutsin-Ma hedikwata, a cikinta kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ya kwashi 'ya'yan talakawa zuwa aji. Kowane yaro sai an cike masa gurbin ranar haihuwa a rajista. Inda uba ya ce an haifi ɗansa da kaka, shekarar fari, sai malami ya zaɓi kwanan da ya fi sauƙi. Wannan ne asalin tarin mutanen da takardunsu ke cewa an haife su ran 1 ga Janairu. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma a karkara takardar rantsuwar kotu ce ta ci gaba da cike giɓin. Da lambar banki ta BVN ta zo a 2014, ga kuma lambar shaidar ɗan ƙasa, sai kwanan da aka ƙaga a ofishin hedimasta ya zama abin da ke iya tsayar da albashi ko fansho in ya saɓa da na wata takarda.

Shagalin ranar haihuwa ya biyo bayan takardar ne, da nisa. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, sannan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, sun tara ɗalibai da ma'aikata daga sassan Nijeriya, kowa da al'adarsa. Facebook kuma ya ɗauki aikin tunatarwa, yana sanar da abokai cewa yau wane ya ƙara shekara. Kek da hoton situdiyo suka samu kasuwa a tsakanin matasa. Malamai da dama suna ganin abin koyi ne da baƙin al'adu, wasu iyaye kuma suka tsaya a tsakiya: a dafa abinci a ba almajirai, a yi wa yaro addu'a, ba tare da kiɗa ba.

Gardamar sadaka

Taƙaddama a kan abin da ya halatta a gidan mutuwa ta girmi jihadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi magana a kan bidi'o'in jana'iza da na maƙabarta a littafinsa Ihya'us Sunna, tun kafin yaƙin 1804 da ya kai ga naɗa Ummarun Dallaje sarkin Katsina. Duk da haka sadakokin kwanaki sun ci gaba a birni da ƙauye. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shaikh Isma'ila Idris, tare da wa'azin Shaikh Abubakar Gumi da ake ji a Rediyon Kaduna, gardamar ta shigo har tsakar gida. Hujjar masu suka ita ce ba a samo taron uku da bakwai da arba'in daga Annabi ba, kuma sunna ta nuna maƙwabta ne za su ciyar da gidan mamaci, bai kamata a ɗora wa marayu ciyar da jama'a ba. Masu riƙe da al'adar, galibinsu mabiya ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya, suka ce sadaka da addu'a suna isa ga mamaci, sa musu rana kuwa hanya ce ta tara dangin da ke nesa.

Tsadar rayuwa ta shiga tsakani ta yi nata hukuncin. A gidaje da yawa yau zaman makoki kwana uku ne, a yi addu'a a watse. Wasu sun riƙe ta bakwai ko ta arba'in a taƙaice. Akan sami gida ɗaya da wa ke halartar sadakar, ƙane ya yi ta'aziyyarsa ya zame kafin a fara rabon gumba. Abin da ɓangarorin biyu ba su taɓa saɓawa a kansa ba shi ne zuwa gaisuwar kanta.

Daga ɗan aike zuwa waya

A da, labarin rasuwa da ƙafa ko jaki ko keke yake tafiya, ranar kasuwa kuma ita ce ke baza shi ƙauyuka. Wanda yake ci-rani a Kurmi yakan dawo bayan watanni ya tarar an yi arba'in, ya bi gidaje yana gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma ganin ya makara. Rediyo ya rage nisan: sanarwar rasuwa ta shiga iska, shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya mai da gaishe-gaishen dangi da abokai abin saurare a kowane zaure. Wayar salula da ta zo Nijeriya a 2001 ta sa ɗan Kurfi da ke Kaduna ko Abuja yana iya jin rasuwa da asuba ya kama hanya, ko a jinkirta jana'iza zuwa la'asar dominsa. Da ita kuma aka sami sabuwar tambaya ta ladabi: wa ya isa a yi masa ta'aziyya ta waya, wa kuma sai an je? Amsar da aka fi yarda da ita ita ce waya tana riƙe wuri ne kafin ƙafa ta iso.

Rashin tsaron da ya taso daga dajin Rugu ya gwada ƙarfin wannan tsari. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, har da ta Dutsin-Ma, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita hawan babur da dare. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. Mai neman ragon suna ya rasa kasuwar da ya saba, mai sanar da rasuwa ya koma neman direban da zai kai saƙo Katsina ko wani garin da ke da layi. Hanyoyin ƙauyuka da dama sun zama abin tsoro, har mai niyyar zuwa gaisuwa sai ya auna rayuwarsa kafin ya fita. Akwai kuma baƙin cikin da tsohon ƙirge bai tanadar masa kwana ba: wanda aka sace, ba gawa, ba labari. Ba a zaman makokinsa, matarsa ba ta shiga takaba, masu zuwa gidan sai dai su ce Allah Ya bayyana shi.

Duk da haka mutane sun ci gaba da zuwa, cikin ayari, da rana tsaka, su juyo kafin la'asar ta yi sanyi. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san yadda gidajen nan ke rayuwa. A tabarmar makoki ake sanin marayu nawa aka bari da wanda zai riƙe su, a nan mai bin mamaci bashi yake faɗa ko ya yafe, a nan ake fara zancen gonar gado da noman bana. Mantuwa da ranar haihuwar aboki ba ta ɓata zumunci a Dutsin-Ma ko Kurfi. Rashin zuwa gaisuwar mahaifinsa kuwa ana iya tuna wa mutum shi bayan shekara ashirin, har 'ya'yansa su gaji zancen.