Me Ya Hana Aznan Adar Bin Mishan?

Ranar 5 ga Fabrairun 1855 wasu Jamusawa biyu 'yan mishan, Ottow da Geissler, suka sauka a tsibirin Mansinam na ƙasar Papua, kuma yau galibin 'yan asalin wannan ƙasa Kirista ne, ko da yake ba su saki al'adun kakanninsu duka ba. Irin wannan girbi mishan ɗin SIM ta sa rai da shi lokacin da ta shigo Damagaram a 1924, ta kafa sansani a Tsibirin Gobir, sannan a 1950 likita Burt Long ya buɗe asibitin Galmi a bakin hanyar Ƙonni zuwa Madawa. Lissafin a bayyane yake: Musulmi yana da wuyar juyawa, amma ga Azna birjik a duwatsun Adar da kwarin Majiya, ba su da littafi, ba su da masallaci. Sai dai ƙidayar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na 'yan Nijar Musulmi ne. Aznan Buza da Keita sun bar tsafi da yawansu, amma masallaci suka nufa.

A ganina, dalilin yana cikin yadda aznanci yake. Ba aƙida ba ce da mutum ke ɗauka ya ajiye. Gado ne, kuma aiki ne. Wannan gida na da noma, wancan farauta, wancan ƙira, kowanne da iskokin da ya gada da yankan da yake musu kafin saukar damina. Mai gida ba ya zubar da jinin akuya don samun lahira, yana yi ne don gero ya yi kyau, rijiya kada ta ƙafe. Har yau a Massalata kusa da Ƙonni ana taron arwa don duba abin da shekara za ta zo da shi, kuma cikin masu sauraro akwai masu salla biyar. Tun zamanin da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci Adar a ƙarni na 17, da zaman Kel Geres a yankin Madawa, Azna suke cuɗanya da malamai, suna sayen laya, suna shan rubutu. Musulunci ya buɗe musu ƙofar shiga sannu-sannu: uba na tsafi, ɗa ya je cin rani Sakkwato ko Kano ya dawo da carbi, uwa kuma tana nan da girkarta, gida bai rabu ba. Binciken Nicole Echard kan borin Adar ya nuna yadda wannan zama ya ɗore. Mishan kuwa yanke ta nema a tashi ɗaya. A bar yanka, a bar bori, a bar burkutu, mai mata biyu ya san yadda zai yi. Wanda ya amsa ya fita daga gadon ubansa, kuma bai shiga jama'ar da ke riƙe da kasuwa da sarauta da aure ba. Asara biyu ke nan.

Wani zai ce ai Faransawa ne suka ɗaure wa mishan hannu. Akwai gaskiya a ciki, domin hukumar mulkin mallaka ba ta saki jiki da 'yan Furotesta masu jin Ingilishi ba, ga Ingila a ƙetaren iyaka. To amma bayan 'yancin kai a 1960 wannan tarnaƙi ya sassauta, ikilisiyar EERN ta tsaya da ƙafafunta, lissafi kuwa bai sauya sosai ba. Abin da ya fi nauyi shi ne wanda Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maradi: SIM ta daɗe tana ɗari-ɗari da gina lakwal mai koyar da Faransanci, ta fi son karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka kammala fassararsa a 1932. A Papua makaranta na cikin manyan abubuwan da suka ja mutane zuwa coci. A nan ba a miƙa wa ɗan Azna wannan tsani ba.

Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce ta Maguzawan Kano da Katsina, waɗanda da yawansu suka zama Kirista. Amma su sun daɗe a ƙarƙashin masarautun jihadi a matsayin jama'a dabam mai suna dabam, don haka coci ta zame musu mafaka da murya. Ba'azne a Adar bai zauna a gefe haka ba. Shi ne ɗan ƙasa, mai gona, wanda sarki ma ke buƙatar yankansa.

Wannan bai sa aikin mishan ya tashi a banza ba. Mace daga ƙauyen Buza takan kai ɗanta Galmi da laya a wuyansa, ta ji wa'azi a layin jira, a yi masa allura, ta koma gida ta ba malam sadaka, ba ta ga wani karo a cikin waɗannan abubuwa ba. Matsin da ya rage goge da garaya a ƙauyuka daga baya ma ba daga coci ya fito ba: daga wa'azin Izala ne, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta biyo 'yan cin rani da kaset-kaset ta tsallako iyaka.