Komawar Rabi: Gyara Kan Yadda Ake Karanta Alhaki Kuykuyo Ne

Muhawarar Adabin Kasuwar Kano sananniya ce (dubi musayar Malumfashi da Adamu a shekarun 1990), haka ma nazarin Whitsitt (2002) kan littattafan Balaraba Ramat Yakubu, don haka ba sai an maimaita su ba. Abin da ya tayar da wannan maƙala shi ne ra'ayin wani abokin aiki, wanda ya fara bin ɗalibai har cikin takardun jarrabawa: wai Rabi ta littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne (1990), ba mace ce mai cin gashin kanta ba, tunda daga ƙarshe ta koma ɗakin mijinta Alhaji Abdu, wanda ya kore ta. A ganinsa Abu ta littafin Wa Zai Auri Jahila? ce ta cancanci wannan suna, domin ta tsere wa auren dole ta yi karatu.

Hujjarsa ba ta yarwa ba ce. Rabi ba don ranta ya so ta koma ba. Maza ne suka taru suka matsa mata, har da surukinta, mijin 'yarta Saudatu. Ya ce wadda ba ta iya cewa a'a ta tsaya a kai ba, ina 'yancinta? Na yarda da rabin maganar. Sai dai ina jin ya auna Rabi da ma'auni ɗaya tak, wato fita daga aure, alhali littafin ya fi ɓata lokaci kan wata tambayar: wa ke ciyar da gida? Tun kafin zuwan amaryarsa Delu, Alhaji Abdu ba ya sauke nauyin cefane. Da ya kore ta da 'ya'ya tara, Rabi ba ta zauna jiran sadaka ba. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe karatun yara, ta aurar da Saudatu cikin mutunci. Shi kuwa gobara ta lashe masa shago a kasuwa, ya dawo yana roƙo. Matar da ta koma ba ita ce wadda aka kora ba, kuma da wuya a ce marubuciyar ba da gangan ta jera abubuwan haka ba.

Amma dole in taƙaita da'awata. Nassin bai nuna Rabi ta mallaki ikon yanke hukunci kan aurenta ba. Abin da ya tabbatar shi ne ta mallaki abin hannunta da ragamar gida. Kwatanta ta da Abu ma akwai rashin adalci a ciki. Abu yarinya ce, hanya na gabanta. Rabi uwa ce mai 'yan mata da za a nema, kuma ɗalibin da ya tashi a Kano ya san irin tambayar da dangin miji ke yi kan gidan da yarinya ta fito. Wannan nauyin ne nake so ya shiga lissafin ɗalibi kafin ya rubuta cewa ta miƙa wuya.