Malam Abdullahi na Gwandu da Lissafin Littattafan da Ya Karanta

A ƙasar Hausa, in an ce wane malami ne, ba a cika tambayar littattafai nawa ke cikin ɗakinsa ba. Abin da a kan tambaya shi ne, me ya karanta, a wurin wa kuma ya karanta shi. Gama a wurin malamai, littafin da mutum ya duba shi kaɗai a ɗaki bai shiga lissafi ba, sai wanda ya durƙusa gaban wani ya ji shi daga farko har ƙarshe. Saboda haka sunan littafi da sunan mutum tare su ke tafiya.

Wannan al'ada daɗaɗɗiya ce. Littafin Tarihin Kano, wanda yawancin zancensa na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, ya kan tsaya wani wuri ya faɗi wanda ya kawo littafi kaza. Ya nuna a zamanin Sarki Yakubu, wanda a ke lissafin sarautarsa daga 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo daga Malle da littattafan tauhidi da na lugga. A zamanin Muhammadu Kisoki kuwa, daga 1509 zuwa 1565, Shehu Tunus ya kawo Ashafa, Shehu Abdussalami kuma ya zo da Mudawwana da Jami'us Sagir da Samarƙandi. Watau zuwan littafi gari labari ne, kamar zuwan babban baƙo.

Yadda a ke karatun kuwa shi ne, yaro in ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, kuma yana da niyyar ci gaba, sai ya koma makarantar ilmi. Makarantar nan ba wani gini ba ne, zauren malam ne. Almajirai su zauna a kan tabarma, kowa da littafinsa. In layi ya zo kan mutum, sai ya karanta 'yan kalmomi na Larabci, malam ya fassara masa da Hausa ko da Fillanci, ya sake karanta waɗansu, malam ya fassara, har a kai inda za a tsaya. Gobe a ɗora. A fannin fiƙihu a kan fara da ƙanana, Ahalari da Ishmawi da Iziyya, sa'an nan Risala, daga bisani a kai ga Muhtasar, wanda shi ne babban dutsen hawa. In almajiri ya sauke littafi, malam ya kan ba shi ijaza, watau izinin ya karantar da shi ga waɗansu. Shi malamin ne kuma zai ce masa, littafi kaza ya kamace ka yanzu, ka tafi gari kaza wurin wane, ya fi kowa saninsa. Ta haka shawarar abin karantawa ta ke yawo, daga baki zuwa baki, da ƙafa kuma a ke bin ta.

Akwai shekara guda da ta kamata a tsaya a kanta, ita ce 1227 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1812. A lokacin an gama babban yaƙin jihadi, Alkalawa, birnin Sarkin Gobir, ta faɗi tun 1808. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana zaune a Sifawa, ya raba aikin mulki biyu, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun ƙanensa Abdullahi. A cikin shekaran nan kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku ya rubuta littafin da ya taɓa zancen karatu da littattafai. Na Malam Abdullahi shi ne mafi ƙanƙanta, 'yan warƙoƙi ne kawai, amma shi ya fi shiga cikin batun. Sunansa Ida'un Nusuhi, abin da ke cikinsa kuwa shi ne sunayen shehunan da ya ɗauki karatu daga gare su, da abin da ya karanta a wurin kowannensu.

An haifi Abdullahi wajen 1766, Shehu ya girme shi da shekara kamar 12. Ya ce Alƙur'ani a wurin mahaifinsu ya karanta. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi a hannun wansa. Nan ya jera abin da Shehu ya karantar da shi: Ishiriniya da Witiriya, waɗanda waƙoƙin yabon Annabi ne, da waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida na kafin Musulunci, da littattafan Sanusi na tauhidi, da Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu. Tafsiri kuwa ya ji shi daga Fatiha har ƙarshen Alƙur'ani ba sau ɗaya ba. Har da hisabi ya ambata.

Mai karatu ya lura da inda littattafan nan suka fito. Mai Ishiriniya, Alfazazi, mutumin Andalus ne, ya rasu a 1230. Mai Ajuruma mutumin Fas ne, ya rasu a 1323. Sanusi na Tilimsan ne, ya rasu a 1490. Mai Risala na Ƙairawan ne, a ƙasar Tunis, ya rasu tun 996, Halilu mai Muhtasar kuma Bamisire ne. Ga yaro a ƙauyen Ɗegel, a ƙasar Gobir, babu injin buga littafi ko ɗaya kusa da shi, amma abin da ya ke karantawa shi ne abin da yaran Fas da na Alƙahira su ke karantawa.

Abdullahi bai tsaya kan nasa karatun kaɗai ba, ya kawo na Shehu ma. Daga gare shi ne aka san Shehu ya karanta Muhtasar a wurin wani danginsu, Usmanu Binduri, wanda ya yi koyi da halinsa na wa'azi. Ya ji tafsiri a wurin Malam Hashimu mutumin Zamfara. Ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya zauna tare da shi wajen shekara guda. Da Malam Jibrilu ya wuce Makka, Shehu ya komo gida, don mahaifinsa bai ba shi izinin tafiya hajji ba. Su biyu kuma, wa da ƙane, sun zauna gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji sun ji Buhari wajen 1786, bayan ya komo daga hajji. A cikin nasa malaman, Abdullahi ya ambaci wani Ibrahimu mutumin Barno, da wani Ibrahimu mutumin Mandara. A ƙarshe ya nuna ba zai iya ƙidaya su duka ba, don malamai da almajirai da yawa sun zo daga gabas da yamma, ya ƙaru da su.

Nan ne ɗan littafin ya ke da nauyi. An daɗe ana ba da labari kamar ƙasar Hausa cikin duhun jahilci ta ke kafin 1804, sai jihadi ya zo ya kunna fitila. To, ga ɗaya daga cikin shugabannin jihadin da kansa ya rubuta da hannunsa cewa ilminsa a Gobir da Zamfara ya same shi, a ƙarƙashin sarakunan Haɓe, a wurin malaman da waɗansunsu Fulani ne, waɗansu na Barno, waɗansu na Zamfara. Ba shakka lissafin gida guda ne, gidan da karatu ya ke gādo, ba kuwa za a auna kowane malamin ƙauye da shi ba. Duk da haka, ba a samun mai karantar da Buhari da Muhtasar a ƙasar da babu masu neman su.

Me ya sa ya rubuta shi a wannan lokaci? Yaƙi ya ci malamai. A Tsuntsuwa kaɗai, a ƙarshen 1804, an ce jama'ar Shehu sun rasa mutum wajen 2,000, 200 daga cikinsu mahaddatan Alƙur'ani. A ƙasar da ilmi ya ke cikin ƙirjin mutane, mutuwar malami guda yankewar salsala ce. Abdullahi kuma ransa ya ɓaci da yadda ya ga waɗansu 'yan jama'a sun koma neman dukiya da sarauta, har a 1807 ya bar su ya nufi Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda a ke mulki bisa shari'a, kana ya komo. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya zauna ya jera sunayen malamansa, yana nuna wa na baya inda abin ya faro ne, tun ba a san ganima ba.

Shawarar Shehu ta wata fuska ta zo. A cikin Najmul Ihwani ya hori almajirai su dage da karanta littattafan malaman zamaninsu, don su ne suka san abin da ya dami mutanen lokacin, su ne kuma su ke warware abin da magabata suka dunƙule. Ya ce a karanta na Abdullahi, don shi ya fi kula da tsare zahirin shari'a. A karanta na Bello, don shi ya fi kula da sha'anin tafiyad da jama'a. A karanta nasa shi ma, don yana ƙoƙarin riƙe duka biyun. Wanda ya san abin da ke gudana a lokacin zai ga hikimar tsohon. Ana jayayya a kan kiɗan tambura, da sunayen sarauta, da tufafin ado, Abdullahi yana cikin masu tsanantawa. Maimakon Shehu ya ce wane ya yi daidai, wane ya kuskure, sai ya ba kowa littafinsa ya ce a karanta duka.

Bello kuwa, a farkon Infaƙul Maisuri, ƙasa ƙasa ya bi yana faɗin malamanta da abin da suka rubuta, har da Ɗan Marina da Ɗan Masani na Katsina. A nan ya bi sawun Ahmadu Baba na Tambutu, wanda ya tara labarin malaman mazhabar Maliku sa'ad da ya ke tsare a Marrakush, bayan sojan Maroko sun kama shi sun tafi da shi a 1594, suka washe masa littattafai 1,600. A cikin Infaƙu ɗin ne kuma a ke samun wasiƙun da aka yi ta musaya da Shehu Laminu na Barno. Cikin laifofin da Laminu ya ɗora wa mayaƙan jihadi har da wulakanta littattafai. Bello bai musa aukuwar abin ba. Ya ba da labarin wani gari da aka ci, ya ga iska tana watsa takardu, ya yi ta tsinta har ya gaji, sa'an nan ya tara mutane ya yi musu faɗa.

Iska tana iya yi wa littafi haka domin ba a ɗinke shi ba. Warƙoƙi ne a sake, a kan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin wanda ya gabata don kada jeri ya rikice, a haɗa su cikin tadarishi, a sa cikin gafaka, watau jakar fata mai maratayi. Takarda kuwa daga Italiya ta ke zuwa, mai alamar jinjirin wata uku, ta bi ta Tarabulus ko Masar a bayan raƙumi, don haka tana da tsada. Gara da ruwa da gobara duk abokan gāba ne. Sa'ad da Clapperton, Baturen Ingila, ya komo Sakkwato a tafiyarsa ta biyu, wadda ya mutu a cikinta a 1827, cikin kyautar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello akwai littafin Uƙlidisu na ilmin awo, da Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, ya ce da suna da shi, wani danginsu ya kawo daga Makka, gobara ta cinye. A 1853 kuma Barth, Bajamushen da a ke kira Abdulkarimu, ya sami aron Tarihus Sudan a Gwandu, garin da kabarin Abdullahi ya ke tun 1829. Kwana kaɗan aka ba shi, ya kwafi abin da ya iya. Ta nan Turai ta fara jin tarihin Songai filla-filla.

Abu guda da ba ya cikin lissafin Abdullahi shi ne abin da aka rubuta da Hausa da Fillanci. Littattafan da ya jera duk na Larabci ne, ko da ya ke shi da Shehu sun yi waƙoƙin wa'azi da harsunan gida, Nana Asma'u 'yar Shehu kuma, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da irin waɗannan waƙoƙi ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajis ɗinta. A ganin malaman lokacin, waƙar ajami hanyar isad da ilmi ce ga talakawa, ba ita ce ilmin ba, don haka ba a neman ijaza a kanta.

Ida'un Nusuhi ya yi shekara 145 yana yawo a rubutun hannu. A 1957 Mervyn Hiskett, wanda ya koyar a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ya buga Larabcinsa tare da fassarar Turanci a mujallar Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar London. Bayan haka aka shiga tattara ɗakunan karatu na malamai. Na Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano, wanda ya rasu a 1962, yana Jami'ar Northwestern a Amurka, rubuce-rubuce fiye da 3,000. A 2011 Bruce Hall da Charles Stewart suka ɗauki lissafin Abdullahi da waɗansu irinsa, suka gwada da abin da ke cikin ɗakunan karatu daga Muritaniya da Tambutu da Segu har zuwa Kano. Suka tarar Risala da Muhtasar da Ajuruma da littattafan Sanusi, waɗanda ya ambata, suna cikin waɗanda aka fi kwafa a ko'ina.