Tarihin Neman Alamomin Gado na Toshewar Numfashin Yara Cikin Barci

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda likitocin Turai da Amurka suka gane cewa minsharin yaro yana iya zama ciwo, da yadda daga baya suka shiga neman alamun ciwon a cikin ƙwayoyin gado. Za mu kasa bayanin kashi huɗu: zamanin lura da ido, zamanin na'urar auna barci, zamanin nazarin dangi, da zamanin binciken ƙwayoyin gado. Daga nan sai mu duba inda maganar ta shafe mu.

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu fayyace ciwon da muke magana a kai. Idan mutum ya yi barci, tsokokin maƙogwaronsa sukan saki. In hanyar iska da ma ƙunƙuntacciya ce, sai ta rufe, ko duka ko wani sashe, alhali ƙirji yana ta ƙoƙarin jawo numfashi. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mai barcin na ɗan lokaci, hanya ta buɗe, ya koma barci, abin ya sake faruwa. A yara, abin da ya fi jawo haka shi ne girman tsokoki biyu na gefen maƙogwaro da likitoci ke kira tansil, da wata tsoka da ke can bayan hanci, musamman tsakanin shekara 2 zuwa 8. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2012, ta ƙiyasta cewa ciwon yana samun tsakanin kashi 1 zuwa kashi 6 cikin ɗari na yara.

2.0 Zamanin Lura da Ido

Masu rubuta tarihin wannan ciwo sukan fara da marubucin nan na Ingila, Charles Dickens, wanda a littafinsa Pickwick Papers, da ya fito tsakanin 1836 da 1837, ya siffanta wani yaro mai ƙiba mai suna Joe, wanda barci ke kwashewa ko yana tsakiyar aiki. Amma aikin likita na farko mai muhimmanci shi ne na Wilhelm Meyer na birnin Kofanhegan a ƙasar Danmak, wanda a 1868 ya bayyana kumburin tsokar bayan hanci, ya nuna tana toshe hanci tana kuma rage ji, sannan ya ƙirƙiro hanyar cire ta.

A 1889 wani likitan Ingila, William Hill, ya buga maƙala a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya game da dalilan da ke sa yara koma baya a karatu. Hujjarsa ita ce, yaron da ake kira malalaci ko daƙiƙi a makaranta, in an bincika sau da yawa za a tarar yana numfashi ta baki, yana minshari, ba ya samun natsuwa da dare, kuma irin wannan yaro likita ya kamata ya duba shi. William Osler ma ya kawo irin wannan bayani a babban littafinsa na koyar da likitanci na 1892. Watau tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare an riga an ƙulla dangantaka tsakanin maƙogwaro da barci da karatu. Abin da ya rage shi ne hanyar aunawa, domin likita yana ganin yaro ne da rana, ciwon kuwa da dare yake aikinsa.

3.0 Zamanin Na'urar Auna Barci

Hans Berger na Jamus ya bayyana hanyar auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa a 1929, kuma a 1953 Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Shikago suka gano matakin barcin da idanu ke motsi da sauri. A 1956 Burwell da abokan aikinsa suka laƙaba wa ciwon masu ƙiba da yawan barci sunan littafin Dickens. Sun ɗauka nauyin jiki ne ke hana huhu aiki sosai, har gurɓatacciyar iska ta taru a jini ta sa gyangyaɗi. Sai a 1965 Gastaut da abokan aikinsa a Marsai ta Faransa, da Jung da Kuhlo a Jamus, suka ɗaura wa irin waɗannan marasa lafiya na'ura suna barci, suka ga numfashinsu yana yankewa sau da dama a dare guda. Ƙungiyar Gastaut ta nuna cewa maƙogwaro ne ke rufewa. A cikin waɗannan shekaru ne kuma likitocin yara a Amurka suka ba da rahoton yaran da zuciyarsu ta kumbura saboda girman tansil, waɗanda suka warke bayan an yi musu aiki.

Shekarar 1976 ita ce mafarin nazarin ciwon a yara bisa tsarin zamani. A shekarar ne Christian Guilleminault da William Dement da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford suka buga bayanin yara 8 da aka auna barcinsu, aka tabbatar da toshewar. Daga nan gwajin barci na dare guda ya zama ma'auni. Yaro yakan kwana a asibiti da wayoyi a kai da ƙirji da hanci da yatsa, a ƙirga sau nawa numfashinsa ya yanke ko ya ragu cikin awa ɗaya. A babba sai an kai sau 5 ake cewa akwai ciwo, a yaro kuwa abin da ya wuce sau 1 ya isa a sa ido. Wannan gwaji yana da tsada, yana bukatar ɗaki da ƙwararre mai kwana a farke, kuma masu jira sun fi gadajen yawa ko a ƙasashe masu arziki. Wannan ƙunci na daga cikin abin da ya tura masana neman wata alama a jini ko fitsari ko ƙwayar gado.

Maganar da Hill ya yi a 1889 ta sami tabbaci a 1998, lokacin da David Gozal ya auna yara 297 'yan aji ɗaya waɗanda ke can ƙarshen ajinsu a sakamako. Ya sami 54 da matsalar numfashi cikin barci. An yi wa 24 aiki, kuma a shekarar da ta biyo makinsu ya ƙaru, na waɗanda ba a yi wa ba kuwa bai canja ba.

4.0 Zamanin Nazarin Dangi

Cewa gado yana da hannu abu ne da aka fara gani a cututtukan da asalinsu ya fito fili. Yara masu larurar Down, wadda aka gano a 1959 cewa ƙarin kuromosom na 21 ne ke kawo ta, fiye da rabinsu suna da toshewar, saboda ƙanƙantar tsakiyar fuska da girman harshe da sanyin tsoka. Haka nan masu irin wadancin da aka gano ƙwayar gadonsa, FGFR3, a 1994, da jariran da ake haifa da ƙaramin muƙamuƙi, waɗanda Pierre Robin na Faransa ya bayyana a 1923. Amma waɗannan 'yan kaɗan ne a cikin masu ciwon. Tambayar ita ce, sauran yaran fa?

A 1978 Strohl da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani gida inda uba da 'ya'yansa maza ke da ciwon. A 1990 Susan Redline ta fara nazarin iyalai a birnin Kilibilan na Amurka, wanda ya nuna cewa haɗarin mutum yana ƙaruwa gwargwadon yawan danginsa masu ciwon. Daga irin wannan nazari aka ƙiyasta cewa kusan kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a tsananin ciwon gado ne. Abin da ake gada kuwa ba abu ɗaya ba ne: akwai sifar fuska da muƙamuƙi, akwai ƙiba, akwai yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa numfashi, akwai kuma saurin kumburin tsokokin maƙogwaro.

A 1999 wannan nazari ya nuna yaran baƙaƙen fatar Amurka sun fi na Turawa kamuwa. Da sauƙi a ce gado ne. To amma a 2006 Spilsbury da abokan aikinsa, a wannan birni dai, suka nuna cewa zama a unguwar matalauta shi kansa yana ƙara haɗarin, kuma idan aka sa shi a lissafi, bambancin launin fata yakan ragu. Dangi suna tarayya a jini, suna kuma tarayya a gida ɗaya da hayaƙi ɗaya da abinci ɗaya, saboda haka ba duk abin da ya bi gida ne ya bi jini ba.

5.0 Zamanin Ƙwayoyin Gado

Kammala karanta jerin ƙwayoyin gadon ɗan Adam a 2003 ya zo daidai da wata babbar nasara a fannin numfashi. A shekarar ne masana a Faris suka gano cewa canji a ƙwaya ɗaya, PHOX2B, shi ke kawo wani ciwo da ba a cika samu ba, inda jariri ke kasa numfashi sosai cikin barci domin ƙwaƙwalwa ba ta ba da umarni ba. Wannan ciwo daban yake da toshewa, amma ya sa ran cewa za a sami irin wannan amsa guda a nan ma.

Hanyar da aka fara bi ita ce zaɓen ƙwayar da ake zato, a gwada masu ciwo da marasa shi. A 2001 aka ba da rahoton dangantaka tsakanin ciwon a manya da wani nau'i na ƙwayar APOE, nau'i na 4, wanda tun 1993 aka san yana da alaƙa da ciwon mantuwa na tsufa. A 2007 Gozal da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa wannan nau'i ya fi yawa a yara masu toshewar, musamman waɗanda fahimtarsu ta raunana. A 2011 Khalyfa da abokan aikinsa suka danganta wani canji a ƙwayar TNF, mai hannu a kumburi, da yawan gyangyaɗin rana a yara masu ciwon. A 2012 Kim da abokan aikinsa suka nuna cewa a yaran da kumburi ya yi yawa a jininsu, ƙwayar FOXP3 tana ɗauke da ƙarin wani tambari na sinadari mai rage aikinta. Wannan tambari ba canji ne a rubutun gadon ba, yana iya zama sawun da ciwon ya bari. Tun 2009 ma an gwada wasu sinadaran furotin huɗu a fitsarin safe domin rarrabe mai toshewa da mai minshari kawai.

Za mu lura cewa tambayar ta sauya. Da ana tambayar wa zai kamu, yanzu ana tambayar wa ciwon zai yi wa illa. Dalilin sauyin shi ne, yara biyu sukan sami sakamako iri ɗaya a gwajin barci, ɗaya karatunsa ya lalace, ɗaya kuwa lafiya lau. Babban gwajin da Carole Marcus ta jagoranta, wanda aka buga a 2013, ya ƙara wa tambayar nauyi. An raba yara 464 'yan shekara 5 zuwa 9 gida biyu, wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka jira. Bayan wata 7, kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aiki sun daidaita, amma kashi 46 na waɗanda aka jira ma sun daidaita ba tare da wuƙa ba. Alamar da za ta nuna wanda zai warke da kansa za ta tsare yara da yawa daga aikin da ba su bukata.

Sai dai yawancin binciken ƙwaya ɗaya ɗaya an yi shi ne a kan mutane kaɗan, kuma sakamakon wani wuri bai cika maimaituwa a wani ba. Wani nazari na 2011 da ya tattara su ya sami canjin TNF kaɗai ya tsaya, na APOE bai tsaya ba. Da aka koma binciken dukan ƙwayoyin gado a lokaci guda, kamar na Finlan na 2021 mai mutum fiye da 200,000, wurare 5 aka samu, kuma yawancinsu ta hanyar ƙiba suke aiki. Wannan bincike na manya ne. Ƙa'idojin 2012 sun bar gwajin barci a matsayin ma'auni, ba su amince da wani gwajin gado a madadinsa ba.

6.0 Inda Maganar ta Shafe Mu

Abubuwa biyu suka haɗa mu da wannan tarihi. Na farko shi ne amosanin jini, watau sikila, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi a Nijeriya kowace shekara. A 2014 Rosen da abokan aikinta suka auna yara 243 masu sikila a Amurka da Ingila, suka sami toshewar a kashi 41 cikin ɗari. Ƙarancin oksijin shi ne ke lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila, kuma a 2001 Kirkham da abokan aikinta sun danganta raguwarsa da dare da shanyewar jiki da farfaɗiya a irin waɗannan yara. Ke nan akwai alamar gado ɗaya da asibitocinmu suka riga suka iya aunawa, wadda ke nuna yaron da bai kamata a yi sakaci da minsharinsa ba.

Na biyu shi ne wa aka bincika. Wani ƙidaya na 2016 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na mutanen da aka sa a manyan binciken gado 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kashi 3 kacal. Cewa wannan yana da illa muna da shaida daga gida. A 1995 Farfesa Osuntokun da abokan aikinsa ba su sami dangantaka tsakanin nau'i na 4 na APOE da ciwon mantuwa a tsofaffin Ibadan ba, kuma da aka same ta a nazarin baya, mai rauni ce in an gwada da ta baƙaƙen fatar Amurka. Alamar da aka auna a kan yaran wata ƙasa sai an sake auna ta a kan namu kafin a dogara da ita.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa daga Meyer a 1868 zuwa Guilleminault a 1976 an ɗauki shekara fiye da ɗari kafin a iya auna abin da ido ya riga ya gani, kuma neman alamar gado ya nuna cewa ƙwayoyi masu yawa ne ke aiki tare da muhalli. Shawararmu ga masu bincike ita ce a fara da yara masu sikila, domin su ne haɗarinsu ya fi bayyana, kuma suna zuwa asibiti a kai a kai. Ga masu horar da malaman firamare kuwa, muna ganin ya dace a sa wannan ciwo cikin darasin lafiyar yara, domin malami ya san cewa yaron da ke gyangyaɗi ko rashin natsuwa a aji, bakinsa a buɗe kullum, ana tambayar iyayensa yadda yake barci kafin a kai hannu ga bulala. A kuma sanar da iyaye cewa cire belu da wanzami ke yi ba ya taɓa tansil ko tsokar bayan hanci, saboda haka ba ya buɗe hanyar da ta toshe.