Ganye a Turai, Sassaƙe a Gabon: Tarihin Maganin Itacen Wolnot

Idan sabuwar shekara ta kama a Libreville, daga wajen Janairu har zuwa Afrilu, mai tafiya daga unguwar Sotega zuwa kasuwar Nkembo ba zai rasa ganin mata sun kasa wata ƙwara a bakin hanya ba. Ba ta kai ƙwan kaza ba, kwasfarta kuwa tauri gare ta har haƙori ba ya ko gwada ta. Sai an ɗora ta a kan dutse, an riƙe da yatsu biyu, an sa guduma ko bayan adda. Wanda hannunsa ya saba bugu ɗaya yake yi ta dare gida biyu, farin ɗan ya fito ɓul. Wanda bai saba ba, ko ya niƙe ɗan tare da kwasfar, ko ya tashi da kumburin yatsa.

Mutanen birnin da Faransanci suke kiran ta noisette, kabilar Fang kuma su ce ewome. A littattafan Ingilishi an sa mata wolnot ɗin Afirka, ko gyaɗar Gabon. Daga wannan laƙabi ne ruɗani ya samo asali, domin a yau saƙonni na yawo a WhatsApp da Facebook suna lissafa cututtukan da ganyen wolnot ke warkarwa, mai karatu a Libreville kuma ya ɗauka bishiyar dajin bayan garinsu ake nufi. Ba ita ba ce. Wadda ake wa wancan kirari bishiyar ƙasashen sanyi ce, ba ta fitowa a Gabon, ba ta fitowa a Kano ko Maraɗi, kuma ko dangantaka ta nesa ba ta da ita da ta kurmin Afirka.

Ta Gabon ɗin, sunanta a wurin masana tsirrai Coula edulis. Wani masani Bafaranshe, Henri Baillon, shi ya bayyana ta a rubuce a 1862, shekara 13 kacal bayan kafa Libreville a 1849, lokacin da likitoci da hafsoshin jiragen ruwan Faransa ke ta aika busassun ganye da 'ya'yan itace zuwa Faris. Baillon ɗin nan ne ya sa wa iboga, shahararriyar saiwar bukukuwan gargajiya na Bwiti, sunan kimiyya a 1889. Coula bishiya ce da ba ta kaɗe ganye, tana son inuwar manyan itatuwa, ana kuma samun ta tun daga Saliyo har zuwa Kongo. Itacenta gara ba ta iya masa, shi ya sa ake yin ginshiƙin ɗaki da na gada da shi, a kuma ƙona shi a sami gawayi mai daɗewa. A dajin Taï na ƙasar Kwaddibuwa, birai masu kama da mutum suna fasa wannan ƙwara da dutse ko guntun itace, ƙananansu kuma sai sun yi shekaru suna kallon iyaye kafin su iya.

A maganin gargajiyar kurmi, ƙarfin wannan bishiya a ɓawonta yake. Ana sassaƙo shi a dafa, a sha ko a yi ɗurin baya da ruwan don atuni da ciwon ciki. Ana kurkure baki da shi idan baki ya yi ƙuraje. Ana kuma shanya shi a daka, a barbaɗa garin a kan gyambo. Ganyen yana shiga wasu haɗe-haɗe, amma ba shi ne a gaba ba.

Da yawa daga abin da aka sani a rubuce game da irin waɗannan magunguna na Gabon, bashi ne da ake bin mutum ɗaya. André Raponda-Walker an haife shi a Libreville a 1871, mahaifinsa ɗan kasuwa ne Bature daga Ingila, mahaifiyarsa kuma 'yar gidan sarautar kabilar Mpongwe. A 1899 ya zama ɗan Gabon na farko da aka naɗa limamin cocin Katolika. Aikin coci ya yi ta kai shi ƙauyukan cikin daji, shi kuwa duk inda ya sauka sai ya zauna da tsofaffi da maharba da masu magani, yana tambayar sunan kowace bishiya da harshensu, da abin da ake yi da ɓawonta da saiwarta da ƙaronta. Ya ji harsunan ƙasar da dama, har ya rubuta ƙamus na Mpongwe. Sai a 1961, yana da shekara 90, littafinsa kan tsirrai masu amfani na Gabon ya fito a Faris, wanda ya rubuta tare da Roger Sillans. Shafi sama da 600 ne, cike da dubban sunayen gida. Ya rasu a 1968. Har gobe, duk ɗalibin da zai yi bincike kan wani sassaƙe a Gabon, da wannan littafi yake fara buɗe baki.

Abin sha'awa, ƙasar Hausa ma ta sami nata mai irin wannan naci a zamani ɗaya. John Dalziel, likita ɗan Sikotland da aka haifa a 1872, ya yi aiki a Arewacin Nijeriya tun farkon mulkin Turawa, ya tara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Bambancinsu, Dalziel baƙo ne mai tambayar masu gida, Raponda-Walker kuwa ɗan gida ne yana tambayar kawunnansa.

To ina labarin ganyen wolnot da ke yawo a waya ya fito? Ya fito daga wata bishiya daban, Juglans regia, wadda Larabawa ke kira jauz. Asalinta yankin Farisa ne da duwatsun tsakiyar Asiya, Girkawa da Rumawa suka yaɗa ta a Turai. Marubucin Rum Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 Miladiyya, ya rubuta cewa inuwarta na cutar da shukar da ke ƙarƙashinta. Shi ne kuma ya kawo labarin makarin dafin da aka ce Sarki Mithridates na sha kullum da sassafe: busasshen wolnot biyu, ɓaure biyu, ganye 20 na wani tsiro mai ɗaci, da ɗan gishiri. A ƙarni na 17 masu maganin Ingila suna cewa tun da ɗan wolnot ya yi kama da ƙwaƙwalwa, lalle maganin ciwon kai ne. Wannan tunani Bahaushe ba zai yi masa dariya sosai ba, domin a tsakanin bokayenmu ma kama tana cikin hujjoji.

A ƙauyukan Faransa da Jamus da yankin Balkan, ganyen ne abin amfanin yau da kullum. Akan tsinke shi a farkon bazara, a shanya a inuwa, a dafa a yi wa yara masu ƙuraje wanka. Akan jiƙa ƙafa mai yawan gumi a ruwansa, a wanke kai don amosani da kwarkwata, a goga ɗanyensa a jikin doki don korar ƙuda, a sa shi cikin akwatin tufafi don asu. Ya shiga asibiti sosai a 1841, lokacin da wani likita a garin Angers na Faransa mai suna Négrier ya buga rahoton yadda yake bai wa yara masu kumburin kaluluwar wuya ruwan ganyen, yana kuma wanke musu miki da shi. Shekaru da dama likitocin Faransa suna bin wannan hanya. Daga baya, bayan Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882, aka fahimci cewa wannan kumburi tarin fuka ne da ya kama kaluluwa, kuma ganyen bai taɓa kashe ƙwayar ba. Yana dai busar da miki, ya rage ɗoyi. Maganin gaske sai a shekarun 1940 ya zo.

Abu biyu ne ke aiki a cikin ganyen. Na farko sinadarin bauri, wanda masana ke kira tanin, ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na busasshen ganye. Shi ne mai tsuke fata, ya tsotse ruwan ƙurji, ya rage zufa. Na biyu shi ne juglon, wanda wasu masana biyu, Vogel da Reischauer, suka ware a 1856, kuma shi ne dalilin abin da Pliny ya gani na mutuwar shuka a gindin bishiyar. Juglon ɗan'uwa ne na kusa ga sinadarin da ke sa lalle ya kama: ƙwayoyin da suka haɗa su iri ɗaya ne, wurin zaman guda ɗaya ne kawai ya bambanta. Shi ya sa mai ɓare ɗanyen wolnot ke kwana da baƙin hannu. Shi ya sa kuma matan Maroko da Aljeriya da Tunisiya ke goge haƙora da ɓawon bishiyar, wanda suke kira suwak, haƙora su yi fari, leɓe da dasashi su yi ja. A Pakistan da Afganistan dandasa ake ce masa.

Hukuncin masana na zamani bai kai faɗin kirarin ba. Hukumar tantance magungunan tsirrai ta Jamus ta amince da ganyen a 1990 don abu biyu: ƙananan kumburin saman fata, da yawan gumin hannu da ƙafa, gwargwadon giram 2 zuwa 3 a ruwa mililita 100, a jiƙa tsumma a ɗora. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tsaya a kan waɗannan biyun a 2013, kuma duka a bayan fata, ba a sha ba. A Iran, inda aka daɗe ana shan ganyen don ciwon sukari, wani ƙaramin gwaji da aka buga a 2014 ya nuna sukarin jinin masu shan sa ya ɗan sauka cikin wata uku. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma suna shan maganin asibitinsu a lokacin, abin da masu tura saƙon waya ba sa faɗa.

Bahaushen da ya sauka a Gabon ba baƙon wannan ilmi ba ne, ko da bai taɓa ganin bishiyar jauz ba. Fatake Hausawa sun shigo arewacin ƙasar ta Kamaru tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suka yi zango a Bitam da Oyem da Minvoul, inda jikokinsu ke zaune har yau a matsayin 'yan ƙasa. Bayan arzikin man fetur na shekarun 1970, wasu sabbin 'yan ci-rani daga Nijar da Nijeriya suka cika unguwannin talakawan Libreville irin su Sotega, wadda ta ci sunan wata masaƙa ta zamani da ta taɓa aiki a wurin. A gida, aikin da tanin ke yi a ganyen wolnot, bagaruwa ce ke yin sa. Da ita majeman Kano da Sakkwato ke jeme fata, da ita ake tsayar da zawo, a kurkure dasashi mai jini, a wanke gyambo, a dafa wa mai jego ruwan zama. Ganyen sabara da ɓawon marke suna biye da ita. Amma bagaruwa 'yar ƙasar rani ce, ba ta son kurmi. Wanda ya saba da ita, ko dai ya sa a kawo masa busasshiya cikin kaya daga Arewa, ko ya koyi sassaƙen masu gida.

Kasuwar kuwa tana nuna yadda abubuwa suka cakuɗe. Wani bincike da Alexandra Towns da abokan aikinta suka buga a 2014 kan kasuwannin maganin gargajiya na Gabon ya ƙirga aƙalla irin tsiro 217. Ya ƙiyasta cewa ana sayar da kimanin tan 27 a shekara, na kusan dala miliyan ɗaya da rabi. Sassaƙe ne ya fi yawa a rumfuna, wajen kashi 30 cikin 100 na kayan da ke ƙasa kullum, ƙaron bishiyar okume kuma kashi 20. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tsirran ba don ciwon jiki ake sayen su ba, don tsari ne da farin jini da bukukuwan gargajiya. Binciken ya kuma lura da yawan baƙi masu sayar da magungunan da aka shigo da su daga Afirka ta Yamma, musamman daga Jamhuriyar Benin. A irin wannan kasuwa, magori na wasa kansa da kansa, kuma duk sunan da ya yi tashe a waya, gobe za ka ji an liƙa shi a kan wani ƙullin ganye.

Akwai ma wolnot na uku da ke ƙara dagula lissafi, wanda duk matafiyin da ya bi hanyar Legas zuwa birnin Benin ya sani. Yarabawa na ce masa awusa ko asala, Ibo kuma ukpa. Shi ba bishiya ba ne, mai yaɗo ne da ke hawa itatuwa a gonakin koko. Ana dafa shi a sayar a leda, kuma wanda ya ci ya kora da ruwa nan take, bakinsa zai yi ɗaci. Shi ma ana amfani da ganyensa a maganin gargajiyar kudu.

A Libreville, aikin tantance irin waɗannan abubuwa yana hannun cibiyar IPHAMETRA, wadda aka kafa a 1976 don binciken magungunan gargajiya, tana kusa da gandun itatuwa na Sibang da Faransawa suka dasa a 1931. Gwaje-gwajen da aka yi a Nijeriya da Kamaru sun nuna ruwan ɓawon Coula na hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin kwalabar gwaji, amma wannan mataki ne na farko, ba hukunci a kan jikin ɗan'adam ba.

Matsalar da ta fi kusa ita ce ta bishiyar kanta. Irin Coula yana jinkirin tsirowa ƙwarai, mafi yawansa ma ba ya fitowa, don haka manoma ba su cika shuka ta ba. Ƙwarar da ake kasawa a Nkembo daga daji ake tsinto ta, bayan giwaye da aladun daji sun ɗebi rabonsu. Mai gawayi na son itacen, mai gini na son sa, mai magani na son ɓawon, kuma bishiyar da aka sassaƙe ta zagaye mutuwa take yi a tsaye. Dajin Mondah da ke arewa da birnin, wanda aka keɓe wani yanki nasa a 2012 aka sa masa sunan Raponda-Walker, yana cikin wuraren da gine-ginen Libreville ke ci ta gefe kowace shekara.