Yadda Shafin Intanet Ya Koyi Shiga Cikin Salula



Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, muna zaune a wata fada nan Koira Kano muna jiran shayi na biyu, sai wani ƙanena ya miƙo mini salularsa ransa a ɓace. Wani biro ne ya fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikata, aka ce sai ta intanet za a ajiye dosiye, kuma ran Litinin za a rufe. Yaro ya cika suna, ya cika lambar waya, ya zo wajen maɓallin aikawa, babu shi. Maɓallin yana can gefen dama, ya fita daga fuskar wayar, ja duk ja ya ƙi fitowa. Sai da dare muka samu mai kwamfuta a unguwa aka aika. Da muka fito ya ce mini: "Yaya, to wanda yake ƙauye fa, ina zai samu kwamfuta?"

Wannan tambaya ce ta sa na ce yau mu waiwayi tarihi, domin matsalar tsohuwa ce, kuma an daɗe da samo maganinta.

Shafin yanar gizo na farko ya fito a 1991, daga hannun wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Geneva. Rubutu ne zalla. In ka rage faɗin taga a kwamfuta, layukan su karye su sauko ƙasa, in ka buɗe su miƙe. Ba shi da kyan gani, amma yana shiga ko'ina.

Da harkar ta bunƙasa a tsakiyar shekarun 1990, sai masu tsara shafuka suka so shafi ya yi kama da na jarida: ga ginshiƙin labari, ga hoto a gefe, ga talla a sama. Don kada komai ya goce, suka ɗaure faɗin shafi da awo guda. Fuskar kwamfuta ana auna ta ne da ƙananan ɗigon haske, to da farko suka ɗinka wa fuska mai ɗigo 640, daga baya 800, daga baya 1024. Har rubutawa ake yi a ƙasan shafi cewa sai da fuska mai girma kaza zai fito daidai. Tela ne ya auna mutum ɗaya, ya ɗinka wa gari duka riga da awonsa.

A wancan zamani ne intanet ya iso Nijar ta hannun SONITEL, a ƙarshen shekarun 1990. Waɗanda suka yi wayo lokacin sun tuna: sai a biro, ko ka je sibar ka biya kuɗin awa, rabin awar ta ƙare kana jiran shafi ya buɗe. Kowa da kwamfuta yake shiga, don haka babu mai kukan awo.

Salula ce ta zo ta tona asiri. A farkon shekarun 2000 kamfanoni irin su Celtel da SahelCom suka fara aiki a ƙasar nan. Celtel ya koma Zain a 2008, shekarar da Orange ya shigo, sannan ya koma Airtel a 2010. Waya ta shiga hannun ɗan kasuwa, manomi, mai tasi da mai gadi, mutanen da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. Shafukan kuma ba da awonsu aka ɗinka ba.

An gwada dabaru iri-iri. Akwai WAP, wanda ya zo da wayoyi irin su Nokia 7110 a 1999: ƙananan shafuka na dabam, rubutu kaɗan. Akwai Opera Mini na wani kamfanin ƙasar Norway, wanda ya bazu duniya a 2006. Shi nasa wayon, sai ya fara kai shafin can injinan kamfanin, a matse shi, a jera shi layi ɗaya, sannan a turo maka. Da yawanmu ta nan muka fara ganin Facebook a ƴar Nokia mai maɓalli, kuma kredi bai ƙarewa da sauri. A 2007 iPhone ya fito da tasa dabarar: ya ɗauki shafin kamar mai faɗin ɗigo 980, ya ƙanƙance shi cikin fuska mai ɗigo 320, kai kuma ka riƙa buɗawa da yatsu biyu. Manyan kamfanoni kuwa suka riƙa yin shafi biyu, ɗaya na kwamfuta, ɗaya na waya mai harafin m a gaban adireshi. Aiki biyu, kuɗi biyu, kuma sau da yawa na wayar ne ake mantawa ba a sabunta ba.

Ranar 25 ga Mayu 2010, wani Ba'amurke mai tsara shafuka, Ethan Marcotte, ya wallafa maƙala mai suna Responsive Web Design a mujallar intanet ta A List Apart. Abin da ya ce a taƙaice: a daina ɗinka riga, a yi zani, wanda kowa zai ɗaura daidai jikinsa. Ya kafa maganar kan abu uku. Na ɗaya, a daina auna ginshiƙi da ɗigo, a auna shi da kaso: labari ya ci kashi 70 cikin ɗari na faɗin fuska, gefe ya ci 30, ko fuskar babba ce ko ƙarama. Na biyu, kada hoto ya wuce faɗin gurbin da aka sa shi. Na uku, shafin ya fara tambayar na'ura faɗin fuskarta: in ƙarama ce, ginshiƙan da ke jere kafaɗa da kafaɗa su sauko su hau kan juna, maɓalli ya ƙara girma yadda babban yatsa zai same shi.

A Satumbar 2011 jaridar Boston Globe ta Amurka ta buɗe shafinta kan wannan tsari, aka ga ashe babbar jarida ma tana iyawa. A daidai wannan zamani wani masani, Luke Wroblewski, yana ta jan hankali cewa a fara tsarawa daga ƙaramar fuska, sannan a faɗaɗa zuwa babba, domin wanda ya fara da ƙaramin wuri dole ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci. Ranar 21 ga Afrilu 2015 Google ya fara fifita shafukan da ke zama daidai a waya idan da waya aka yi bincike. Kamfanin ƙididdiga na StatCounter ya sanar cewa a Oktoban 2016, karon farko, shiga shafuka ta waya da tabilet ya zarce na kwamfuta a duniya.

Abin da duniya ta gano a 2016, mu nan shi ne rayuwarmu tun farko. Yawancinmu Tecno ko itel ce ƙofarmu ta shiga intanet, ba mu da wata.

Shi ya sa abin da ya samu ƙanena ya tsaya mini a rai. Koira Kano unguwa ce mai ofisoshi da yawa. A ciki ana tsara shafi a babbar fuska, da intanet mai gudu, a duba a ga komai ya zauna, a ce madalla. A bakin ƙofar gidan kuwa, mai gadi yana riƙe da waya mai tsagaggen gilashi da kredin ɗari biyar. Tsakaninsu taku ashirin ne, amma shafin bai iya ƙetare shi ba. Haka sanarwar da ake bugawa a takarda, a ɗauki hotonta a watsa a WhatsApp: dattijo sai ya buɗa ya ja hagu ya ja dama kafin ya haɗa layi ɗaya, makaho kuma wayarsa mai karanta masa rubutu da murya sau da yawa ba ta iya karanta hoto.

Don haka ina kira ga matasanmu masu wannan sana'a, da shugabannin biro, makarantu da ƙungiyoyi masu ba su aikin. Kafin ku karɓi shafi ku biya kuɗi, ku ari waya mafi araha a gidan, ku kashe wifi, ku cika takardar daga farko har maɓallin ƙarshe. Ku rage nauyin hotuna, domin kowane hoto kuɗin wani ne. Sanarwa kuma a rubuta ta a matsayin rubutu, ba hoton takarda kaɗai ba. Ba sabon ilimi ake nema ba, tun 2010 yake a rubuce.

Ƙanena dai dosiyensa ya shiga, muna jiran kira. Waɗanda maɓallin ya ɓace musu suka haƙura, babu wanda ya ƙirga su.

Allah ya sa mu dace, ya ba matasanmu abin yi. Sai wani jiƙon.