Mazan jiya da lissafin da ba sa gani

1/ Ka tambayi dattawan Dambatta ko Bichi labarin yaƙin Bama. Daga karkarar Kano ma Ingila ta kwashi samari, suka gwabza da Japan a 1944.

2/ Suka dawo, aka ba su kuɗin sallama, sai gona. Sai a 2019 aka bankaɗo takardun Landan: a gabashin Afirka, farabiti Bature sule 10 kan kowane watan aiki, baƙar fata sule uku da sisi. Shekara 70 fa lissafin na kwance a ma'ajiya!

3/ Yanzu tsohon soja zai je tantancewa, ya dawo ƙauye jiran alat. Wata nawa zai jira? Mutum nawa aka amince wa, nawa aka ƙi? A ina zai duba?

4/ Janairun 2025 sai da mazan jiya suka tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja kan haƙƙinsu.